Ranar Musayar Aji

In ka bi bakin babban kanal daga wajen Bunkure ka nufi Kura, akwai wata 'yar gadar siminti da ba wanda ya taɓa raɗa mata suna, alhali rabin mutanen yankin ta kanta suke bi su je gona. Gabas da ita Kukar Ɗanja ce, yamma da ita kuma Dokar Magaji, kowane gari da firamarensa. A ta Kukar Ɗanja Malam Hashimu ya ƙarar da ƙuruciyarsa da baƙin gashinsa, kuma kusan duk shekarun nan aji uku yake riƙe da shi. An so a ba shi hedimasta ya ƙi. An so a ɗauke shi zuwa ofis a Bunkure ya ce shi fanka mura take sa shi. Dogo ne siriri, mai saurin hawa da saurin sauka, kuma ko ranar Sallah ce sai ka ga farin alli a bakin aljihunsa.

Yabo ne kawai ba ya so. In uba ya tare shi a hanya ya ce, "Malam, yaran nan naka suna ƙoƙari," sai ka ga ya ɓata rai kamar an taka masa ƙafa. Wanda bai san shi ba sai ya ɗauka girman kai ne. Ba girman kai ba ne, tsoro ne. Malam Hashimu yana tsoron ya tashi daga aiki yana zaton ya koyar, alhali hayaniya kawai ya yi wa 'ya'yan mutane. Wannan tsoron kuwa yana da asali.

Lokacin da aka fara turo shi garin, noman rani yana kan ganiyarsa. Manyan motoci layi suke yi a bakin titin Zariya suna jiran kwandunan tumatir, alkama kuwa sai ta rufe maka ido tun daga bayan makaranta har inda ganinka ya tsaya. Shi yana saurayi sabon fitowa daga kwalejin horon malamai, ga farar riga ga keke mai ƙararrawa, yana jin kansa. Yadda yake koyar da karatu, ya ɗauko littafi ya rera layi, aji ya amsa, ya sake rerawa, aji ya sake amsawa. Muryarsa da daɗi, yaran ma suka ɗauki salon. Manoma masu wucewa da jakuna har tsayawa suke yi a bakin taga su gyaɗa kai su ce lallai bana an kawo malami.

A cikin ajin akwai wata yarinya, Halimatu Sa'adiyya, wadda ko littafin ba ta buƙata ta riƙe da kyau. Ka ce mata shafi kaza, ta kama, tiryan-tiryan. Da ubanta ya sami fili a ɓangaren yamma ya kwashe iyalinsa ya koma Dokar Magaji, Malam Hashimu har raka shi ya yi bakin gada yana cewa, "Ka gaya wa malamin can na aiko masa da zinariya, ya riƙe ta da kyau."

Malamin can shi ne Malam Dattijo, ɗan Fulanin da suka zauna a gefen kanal suna noma suna kiwo. Shi da bakinsa yake cewa da aka matsa wa mahaifinsa ya ba da yaro ɗaya a boko, sai ya duba cikin 'ya'yansa ya zaɓi wanda shanu suka fi rainawa. Tare suka yi kwaleji da Hashimu. Shi Hashimu kuma jikan Barebari ne, don haka tsakaninsu ba a gaisuwa sai da tsiya, kowa yana kiran ɗan'uwansa bawansa.

Mako bai zagayo ba sai ga Malam Dattijo a kan keke, ya jingine shi a jikin darbejiyar makaranta, ya leƙo ajin.

"Babarbare bawana, godiya na zo yi maka. Kaset ɗin da ka aiko mini ya iso lafiya."

"Wane kaset kuma, ɗan Fulani?"

"Halimatu Sa'adiyya mana. In ka danna mata shafin farko ba ta tsayawa sai bangon baya, idonta a rufin ɗaki. Amma na rubuta mata tumatir a allo, tumatir ɗin da take tsinka kullum, ta tsaya tana kallonsa kamar ta ga baƙo."

Ran Malam Hashimu ya ɓaci ƙwarai. Ya ce hassada ce, ya ce yarinya baƙunta take yi, ya ce me Bafillace ya sani in ban da nono. Dattijo ya bar shi ya gama, sa'an nan ya ce, "Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ara mini allinka." Ya shiga gaban aji bai ce wa yara uffan ba, ya rubuta manya-manya: Akuyar Babarbare ta shiga gonar albasa, ta fito tana hawaye tana neman hankici. Ya koma gefe ya harɗe hannu.

Aji ya yi tsit. Yara suna kallon allo suna kallon malaminsu, suna jiran ya rera su amsa. Can daga baya wani yaro ya toshe baki ya ƙyalƙyace, wata ma ta bi shi. Su ke nan. Dattijo ya karkaɗe hannunsa ya ce, "Ga masu karatunka nan, ka ji su da kunnenka. Wanda ya iya karatu ba ya iya riƙe dariya." Ya hau kekensa ya tafi.

Hashimu ya yi kwana da kwanaki abinci ba ya yi masa daɗi. Da ya ga abin ya ƙi wucewa sai ya ɗaura ɗamarar ramuwa, ya taka keke ya haye gada, ya faɗa ajin Dattijo ba sallama mai kyau. Ya rubuta: Ɗan Fulani ya sayi sabon keke, da safe ya ɗauko ƙwarya zai tatse shi. Kafin ya ajiye alli aji ya kece da dariya, har da masu bugun benci. Wannan dariya ta yi masa ciwo fiye da shirun nasa ajin. Amma Babarbare ba ya komawa gida da kayan faɗansa. Ya goge allo ya ce, "To, albasa ashirin da uku, a raba wa gida huɗu. Kowane gida nawa, saura nawa?"

Nan fa ido ya raina fata. Yaran da suke rera biyu sau biyu huɗu kamar waƙar biki suka yi zuru-zuru. Wani ya ɗaga hannu cikin ladabi ya ce, "Malam, ba mu kai wannan waƙar ba."

Da la'asar ɗin ranar aka gan su zaune a kan gadar nan, ƙafafu suna lilo a kan ruwa, suna shan rake suna tofar da ɓawon. Dattijo ya ce, "Ka ga abin da ya same mu? Kowa yana auna shinkafarsa da kwanon ɗakin matarsa, yana cewa buhu ya cika." Hashimu ya ce, "To a samo kwano ɗaya." A nan suka yanke abin da ya kamata duk yaron da zai bar aji uku ya iya, ko gabas yake ko yamma. Ya karanta abin da bai taɓa gani ba, ya kuma faɗi abin da ya fahimta. A yi masa shifta ya rubuta. Ya tara, ya ɗebe, ya ninka, ya raba, ba da waƙa ba, da albasa da shanu da kwanduna. Sharaɗi na ƙarshe shi ne ya fi ɗaci, kuma Dattijo ne ya kawo shi: malami ba ya gwada nasa yaran. A ƙarshen shekara za su yi musayar aji, kowa ya je ya auna na ɗan'uwansa, abin da baƙo ya yanke kuma ya zauna.

Ba takarda, ba hatimi, ba wanda ya aiko su. Hedimastocinsu suka ce in dai ba za a nemi komai daga ofis ba, su je su yi ta yi.

Kai, wanda bai ga ranar musaya ba an yi ba shi! Sukan zaɓi lokacin da ba a korar tsuntsayen janbaki a gonakin shinkafa, ba a kuma tsinkar tumatir, don kada uba ya sami hujjar janye ɗansa. Da sassafe za ka ga kekuna biyu sun doso gada, ɗaya daga gabas ɗaya daga yamma. Su tsaya a tsakiya, wannan ya ce, "Ka tausaya wa marayun Allah, Bafillace," wancan ya ce, "Yau asirin Barebari zai tonu," su yi musabaha kowa ya wuce. Yara sun sha wanka, an shafe ƙafa da mai. Iyaye maza suna cika tagogi, wanda bai san ko bihim ba ma yana nan ya kasa kunne, domin kowa ya gane ma'aunin: in baƙon malami ya rubuta abinsa a allo, ka nemo fuskar ɗanka, in yana dariya ka gode wa Allah. Mata kuma su aiko da fura da dambu a ajiye wa baƙo a ofis, wai ko zuciyarsa za ta yi laushi. Yakan shanye furar tas ya kuma kayar da wanda zai kayar.

Shekara da shekaru ba su taɓa maimaita jimla ɗaya ba. Akuyar Babarbare ta je Makka a ƙasa, ta yi takarar kansila, ta auri bunsurun mai unguwa. Ɗan Fulani kuma ya kai kekensa dabbobi allura, ya ɗaure shi a turke, ya yi masa kuka da ya yi faci. Har gobe in ka zauna da magidantan garuruwan nan biyu, waɗanda gemunsu ya fara fari, sai wani ya tuno ta shekararsu, a yi ta dariya kamar yau aka rubuta.

Amfanin abin kuwa ba a dariya ya tsaya ba. Mutanenmu ba sa zama wuri ɗaya: bana uba ya kama fili a gabas, baɗi ruwa ya fi kyau a yamma ya koma, makiyayi ya matsa da shanunsa inda aka girbe ya bar kara. Dā yaro in ya sauya makaranta sai ya zama kamar an kai shi wata ƙasa. Da aka daidaita kwano, sai ya tarar da karatu a inda ya baro shi. Malaman wasu makarantu na bakin kanal suka ga haka suka shigo, har wani daga wajen Madobi yakan tako keke ya zo a yi da shi.

Wanda bai kai ba, ya maimaita aji, ko ɗan wane ne. Wata shekara abin ya faɗa kan Nafisat 'yar liman, yarinya mai natsuwa da Malam Hashimu yake ji da ita. Ta karanta, amma rabawa ta gagare ta. Hashimu ya bi abokinsa har gida yana roƙo, ya ce ciwon ido ta yi, ya ce rawar jiki ce, ya ce ina zai sa fuskarsa a masallaci. Dattijo ya ce, "So hana ganin laifi. Ai shi ya sa ni nake zuwa, don ni ban san ciwon idonta ba, ban san ubanta ba, amsarta kawai na sani." Hashimu ya yi fushi har ya ƙi cin tuwon gidan. Nafisat ta sha kukanta ta maimaita, shekara ta zagayo ta raba duk abin da aka ba ta har da saura.

Ba rana ɗaya abin ya mutu ba, da sai a ce ga wanda ya kashe shi. Yara suka yi ta ƙaruwa, ajujuwa ba su ƙaru ba. Ajin da dā malami ya san sunan kowa da na kakarsa ya koma taron da in ka shiga sai ka tsallake ƙafafu kafin ka kai allo. Benci suka karye aka koma ƙasa. Magana ta zo daga sama cewa kada a riƙa tsayar da yaro, a bar shi ya bi sa'o'insa. Tsofaffin malamai suka yi ritaya, sababbi suka zo a kan babur suna sauri, wannan yana da gonar da zai ba ruwa, wancan yana da shago a Kura. Aka ragu aka ragu har aka koma su biyun farko.

Sai kuma idon Malam Dattijo ya fara. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya riga ya ci ƙarfinsa. Musayar ƙarshe da suka yi, ya ɗauki alli ya fara rubutu, layin ya karkace ya gangara ya fita daga allo ya hau bango, shi bai sani ba. Yara suka yi dariya, amma ba irin dariyar da ake nema ba ce. Ya tsaya, ya shafa bangon da hannu, ya gane. Ya ajiye allin a kan tebur a hankali. Bai ƙara shiga aji ba.

Daga nan Malam Hashimu ya koma auna kansa da kansa. Shekarar farko ya tsananta, har ya fi Dattijo. Ta biyu ya duba wani yaro ya tuna maraya ne, ya ƙara masa. Wata kuma ya san rabin zangon a gona ta yi shi tana kaɗa gwangwani tana korar tsuntsaye, ina laifinta? Wancan uwarsa tana turara shinkafa shi ke yi mata itace. Kowane yaro da uzurinsa, kuma duk uzurin gaskiya ne, shi ya san su duka. Ga shi kuma ba yadda za ka yi da ajin da ya haura ɗari in ba ka haɗa bakinsu wuri ɗaya ba. Sannu a hankali rerawar nan ta dawo. Ya rera su amsa, ya rera su amsa, masu wucewa a kan babur su ce Malam Hashimu ba ya tsufa. Yana jin su, ransa yana ƙuna. Dattijo kuwa sai Sallah ko ta'aziyya suke haɗuwa, su yi hirar ruwa da taki da tsadar dusa, a yi tsiya kaɗan, ba mai tayar da zancen aji.

A bana ne, shekararsa ta ƙarshe a aiki, shugabar makarantar ta dawo daga taro ta tara malamai a gindin darbejiya. Shugabar kuwa ita ce Nafisat 'yar liman, yanzu Malama Nafisat. Ta ce an fito da ma'auni ɗaya na karatu da lissafi, abin da ake so ɗan kowane aji ya iya, makarantar birni da ta ƙauye duk ɗaya. Kuma ba malamin aji ne zai gwada ba, daga wata makaranta za a turo. Matasan malamai suka hau gunaguni, wai so ake a tozarta su, wai ta yaya za a haɗa ɗan birni irin na Kumbotso da ɗan da ke kwana a bukkar gona. Malam Hashimu ya yi dariya ya ce, "Sabon abu! Mu da keke da rake muka yi wannan, ku tambayi shugabarku." Malama Nafisat ta sunkuyar da kai tana murmushi. Ta ƙara da cewa sai baɗi za a fara.

"Malam ka tsallake," in ji wani matashi. "Kafin su zo kana gida kana shan fura."

Kowa ya yi dariya ban da shi. Tsallakewar ce ba ya so. Za a yi masa walima, a ba shi darduma da agogon bango, a tashi ɗaya bayan ɗaya a ce ya yi wa gari hidima, ya tafi gida da yabon da bai san ko nasa ne ba. Abin ya tsaya masa a ƙirji. Ranar Asabar da hantsi ya haye gada, ya sami Malam Dattijo zaune a kan buzu a inuwar gawo kusa da garke, yana jan carbi.

"Na ji takun Babarbare," in ji Dattijo. "Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu. Zuwa na yi ka auna mini aji."

Carbin ya tsaya. "Ni? Da wane idon?"

"Kunnen ai yana nan. Ko shi ma shanu sun cinye?"

Dattijo ya gyara zama ya ce, "Bawana, zango ɗaya ya rage maka. Ka bar kaza cikin gashinta mana, ka karɓi dardumarka."

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni dai ina so in sani."

Ranar Litinin aka kawo shi a adaidaita sahu. Malama Nafisat ta tare shi a bakin ƙofa ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi, ya ce, "Wace ce? 'Yar liman? Kin iya rabawa yanzu?" Ta ce, "Albarkacinka, Baba Malam." Ta riƙe masa sanda har gaban aji, aka ba shi kujera. Babu iyaye a taga, babu fura. Yara suka cika ɗaki maƙil suna kallon tsohon da ba ya kallonsu. Ya yafito shugabar, ya raɗa mata magana a kunne. Ta toshe baki da mayafi, ta je ta rubuta da kyakkyawan hannunta: Babarbare ya tsufa, ya ɗora tabaraunsa a goshi yana zagaye gari yana cigiyarsa.

Dattijo ya karkata kai, ya juya kunnensa wajen yara. Hashimu yana tsaye a jikin ƙofa, yana jira kamar shi za a gwada, kuma shi ɗin ne. Wata dariya ta tashi daga kusa da taga. Wata daga tsakiya, wasu 'yan ƙalilan a baya. Sauran suka juyo gaba ɗaya suna kallon malaminsu, bakunansu a shirye, suna jiran ya rera.

Aka shiga kiransu ɗaya bayan ɗaya. Lissafi da sauƙi, da yawa sun raba albasarsu sun faɗi saura, wannan dama tun asali hannun Hashimu ne. Karatun ne. Aka zo kan Ilham, 'yar gaban aji mai zaƙin murya, wadda in malam ya fita ita ke ja wa aji baki. Ta miƙe da ƙarfin gwiwa, ta dubi allo, leɓɓanta suka motsa. Ta sake dubawa. Sai kawai ta ɗaga kai sama ta kama shafin farko na littafinsu tana rerawa, ba tuntuɓe ko ɗaya. Dattijo ya bar ta ta kai aya, ya ce, "Madalla da murya, 'yata. Zauna."

Da aka tashi yara, Hashimu ya tsaya yana jiran tsiya. Da ma a yi masa ita, ya fi sauƙi. Amma tsohon ya lalubo hannunsa ya riƙe, ya kira shi da sunan da rabonsa da kiransa tun suna kwaleji.

"Hashimu, buhun bai kai rabi ba."

"Na sani," in ji Hashimu. "Na daɗe da sani. So nake in ji a bakin wani."

Ya ce shi zai mai da Dattijo gida. Suka tare adaidaita a bakin makaranta suka shiga baya. Direban wani magidanci ne mai faran-faran, yana waiwayowa ya washe baki. "Malam! Ba ka gane ni ba? Bilya ne, ɗan gidan Hammadu mai injin casa. Ajinka na yi." Hashimu ya gane shi. Cikin yaran da suka zo bayan an daina musaya ne. Suna tafe a bakin kanal Bilya yana zuba, sai wayarsa ta yi ƙara. Ya zaro ta ya miƙo baya ba tare da ya duba ba.

"Malam, taimaka ka duba mini saƙon nan."

Hashimu ya karɓa. "Kai ba ka karantawa?"

"Ina fa! Lamba dai na iya, ita ma albarkarka ce. Karatun ne bai zauna ba. Amma wallahi ka yi mana kirki, Malam, ba ka taɓa kayar da kowa ba. Shi ya sa da uwarta ta ce a kai 'yata Ilham makarantar kuɗi a Kura na ce a'a, ga Malam Hashimu a gida? Ni na rasa, ita ba za ta rasa ba. Kuma ka ga ai kullum ita ke zuwa ta ɗaya." Ya rage gudu don hawa gada. "Na ji an ce yau an gwada su. Ya 'yar taka ta yi?"

Amsar tana nan a bakin Malam Hashimu, wadda ya saba ba iyaye shekara da shekaru: ta yi ƙoƙari. Kalma uku, kowa ya tafi gida da farin ciki. Dattijo yana gefensa, fuskarsa tana kallon ruwan da ba ya gani.

"Bilya, tsaya," in ji Hashimu.

Ya taka birki a tsakiyar gada, ya juyo.

"Ilham ba ta iya karatu ba. Haddace littafin ta yi. Yau an rubuta mata layi ɗaya a allo ta kasa. Zango ɗaya ya rage mini a makaranta, amma gidana ba a yi masa ritaya. Ka riƙa kawo mini ita kullum bayan la'asar, daga baƙi za mu faro. In ka kawo ta kuma kada ka juya, ka kashe injin ka zauna kusa da ita."

Murmushin ya gushe daga fuskar Bilya kaɗan-kaɗan. Ya dubi Malam Hashimu, ya dubi makahon tsohon, kamar yana jiran ɗayansu ya ce wasa ne. Wani mai babur da buhunan shinkafa shanshera ya matsa musu oda daga baya, bai ko motsa ba.

"Malam," ya ce a hankali, "ta ɗaya fa take zuwa."

"Na sani, Bilya. Ni na rubuta."